Kakakin Fada da Kunnen Talaka

A al'adar Hausawa ba kowa ake busa wa kakaki ba. Sarki ake busa wa, kuma duk wanda ya jiyo amonsa daga nesa ya san wanda ke tafe tun kafin ya gan shi. Mabushin ba shi da zaɓin abin da zai busa, domin take da kirari an riga an tsara su tun zamanin kakanni. Ba a taɓa zarginsa da son kai ba, saboda kowa ya san baran fada ne, a can yake ci, a can yake sha. Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci. Gidan rediyo ko na talabijin da aka gina da dukiyar jama'a, ake biyan ma'aikatansa daga baitulmali, shin kakakin fada ne, ko kuwa dandalin gari ne inda kowa ke da ikon ya tsaya ya faɗi albarkacin bakinsa? Doka ta ce dandali ne. Abin da kunnuwanmu suka saba ji kuwa ya fi kama da kakaki.

Wannan ciwo ya girmi 'yancin kan Nijeriya. A ƙarshen watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa a ba ƙasar nan mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, bisa jagorancin Sardaunan Sakkwato, suka nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Zama ya watse, 'yan jam'iyyar Action Group da na NCNC suka fice. Gwamna John Macpherson ya shiga gidan rediyon gwamnati ya soki Action Group. Da Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mai da martani ta wannan kafa, sai aka hana shi. Bai manta ba. Tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen watsa labarai, kuma ranar 31 ga Oktoba 1959 gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin a Ibadan, na farko a wannan yanki na Afirka. Jihar Gabas ta bi sahu a 1960, Jihar Arewa kuma ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Mai karatu zai lura da darasin da shugabannin wancan lokaci suka ɗauka daga abin da aka yi wa Awolowo. Ba su ce a gyara dandalin ya ɗauki kowa ba. Kowa ya koma gida ya ƙera nasa kakakin.

Jaridu ma haka suka taso. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a 1949, kowace tana yaƙin mai gidanta. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, jaridar hukuma ce, kuma cikin dalilan kafa ta har da toshe bakin masu yaɗa jita-jita a jajibirin yaƙin duniya na biyu. Duk da haka Imam ya sami hanyar da ya riƙa shigar da koken talakawa da gargaɗi ga mahukunta a cikin sharhinsa da shafin wasiƙu. Ina yawan kawo misalinsa ga ɗalibai domin su san cewa cin albashin hukuma bai tilasta wa mutum ya sayar da alƙalaminsa ba.

Da soja suka zo sai suka tattara kakakin duka a hannu ɗaya. A 1975 gwamnatin Murtala Muhammed ta karɓe New Nigerian, ta kuma ɗauki kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin Daily Times. A 1977 aka kafa NTA ta haɗiye gidajen talabijin na jihohi, sannan aka tsara gidan Rediyon Tarayya a 1978. Sojan sun fi kowa sanin darajar makirufo, domin da shi suke hawa mulki. Nzeogwu ya yi magana daga Kaduna a Janairun 1966, Dimka ya yi a Fabrairun 1976, Sani Abacha ya yi a ranar ƙarshe ta 1983, Gideon Orkar ya yi a Afrilun 1990, har ya ce ya yanke jihohin Sakkwato da Katsina da Kano da Bauchi da Barno daga ƙasa. Wanda ya san da sanarwar minti biyar ake kifar da gwamnati ba zai bar makullin ɗakin watsa shiri a aljihun da bai amince da shi ba. Wanda kuma ya kauce wa layi ya san abin da ke jiransa: a 1984, a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda.

Kada a ɗauka farar hula sun fi su sauƙi. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, NTA da Rediyon Tarayya suna hannun jam'iyyar NPN, sai gwamnonin sauran jam'iyyu suka maimaita abin da aka yi a 1959. Lateef Jakande ya kafa talabijin ta Jihar Legas, Abubakar Rimi ya kafa jaridar Triumph da gidan CTV a Kano. Abin ya kai ga mutanen gari ɗaya su ji labarin taro ɗaya daga gidaje biyu, su rantse cewa ba taro ɗaya ba ne. Ranar 10 ga Yuli 1981, da tarzoma ta ɓarke a Kano kan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph suna cikin wuraren da aka cinna wa wuta. Masu tarzomar ba su ɗauke su kayan jama'a ba. A idonsu bakin gwamna ne, shi suka je toshewa. Wannan shi ne sakamakon mai da kafar jama'a ta zama ta ɓangare: ranar da aka fusata da ɓangaren, da ita za a fara.

Ni na yi wayo ne a zamanin soja. Abin da na fi riƙewa daga shekarun 1993 zuwa 1998 shi ne yadda dattawan unguwarmu suke sauraron rediyo a zauren mahaifina. Sukan fara da Kaduna, su ji abin da gwamnati ta ce. Ba mai tankawa. Can sai wani ya ce, “Malam, murɗa mana Landan mu ji.” Daga Landan a koma Jamus, daga Jamus a koma Amurka, sannan a fara muhawara. Ba wanda ya koya musu wannan a makaranta, yawancinsu ma ba su yi boko ba, amma sun gane cewa labari irin na shari'a ne, ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Na ga lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, na kuma ga zamanin tazarce a 1998, lokacin da jam'iyyu biyar suka tsayar da mutum ɗaya, talabijin ta gwamnati tana nuna gangamin goyon baya a Abuja kamar ba sauran mai wani ra'ayi a ƙasar. Bayan 'yan watanni Allah Ya yi ikonSa, sai muryoyin da suka yi ta yabo suka koma yabon wanda ya gaje shi, ba ko gyaran murya. Tun daga lokacin na fahimci cewa gidan ba ya ƙaunar kowa, kujera yake bauta wa.

Akwai abin takaici a cikin wannan hikima ta dattawa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma tun daga lokacin Bahaushe ya saba da neman gaskiyar abin da ya faru a ƙofar gidansa daga birnin da bai taɓa gani ba. Gidajen waje su ma suna da iyayen gidansu da manufofinsu. Sun sami amincewarmu ne saboda ba su da ɗan takara a mazaɓarmu, kuma saboda namu sun bar gurbin a buɗe.

Sana'ata koyar da adabi ce, kuma a nan ne nake ganin ina da abin cewa. A darasin ƙagaggun labarai mukan koya wa ɗalibai cewa kowane labari yana da mai ba da shi, kuma mai ba da labari yana iya juya zuciyar mai sauraro ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Mai tace labarai a gidan rediyo da irin waɗannan kayan aikin yake amfani. Na farko shi ne zaɓi: a cikin abubuwa ɗari da suka faru yau, waɗanne goma za a faɗa? Na biyu shi ne jeri: wane ne a kan gaba, wane ne a ƙarshe lokacin da uwargida ta tashi duba tukunya? Labaranmu sukan bi tsarin zaman fada, a fara da shugaba, sai mataimakinsa, sai uwargidansa, sai kwamishina, ko da kuwa abin da suka yi bai wuce karɓar baƙi ba, ambaliyar da ta cinye ƙauye guda kuma ta zo daga baya. Na uku shi ne lafazi, na huɗu kuma shiru.

Bari in ɗan tsaya a kan lafazi, domin a nan Hausa take nuna gwanintarta, a nan kuma ake cutar da mai sauraro ba tare da ya ankara ba. Idan gwamna ya yi magana, sai a ce “ya bayyana” ko “ya tabbatar” ko “ya jaddada”. Idan ɗan hamayya ya yi, sai a ce “ya yi iƙirarin” ko “ya yi zargin”, wani lokaci ma a saƙala masa “wai”. Wannan ƙaramar kalma ta “wai” ta isa ta rushe jawabin awa guda. Taron jam'iyya mai mulki “dubun dubatar jama'a” ne suke halarta, na ɗaya ɓangaren kuwa “wasu magoya baya”. Wanda ya shigo jam'iyyar gwamnati “ya rungumi tafiyar ci gaba”, wanda ya fita “ya yi butulci” ko “an daɗe da sallamarsa”. Masu zanga-zanga in suna goyon baya “matasa masu kishin ƙasa” ne, in suna adawa “ɓata-gari” ne. Aikin da aka yi da kuɗin jama'a sai a ce gwamna “ya gwangwaje” al'umma da shi, kamar daga gadon ubansa ya ciro. Duk wanda ya nazarci waƙoƙin fada zai gane waɗannan dabaru nan take, domin su ne yabo da zuga da habaici da zambo, an cire musu kiɗa an sa musu rigar labarai. Bambancin shi ne makaɗin fada ba ya ɓoye ubangidansa, yakan ambace shi tun a amshi.

Shiru kuwa ya fi duka illa. Ana iya ƙaryata abin da aka faɗa, amma yaya za a yi da abin da ba a faɗa ba? Yajin aikin malamai da ba a ambata ba, harin da aka kai ƙauye aka ce a bari sai hukuma ta yi magana, ɗan takarar da aka ce ba fili alhali ya zo da kuɗinsa. Na taɓa sa ɗalibaina su saurari labaran wani gidan rediyon jiha na mako guda, su rubuta sunan duk wanda aka ji muryarsa. Da muka haɗa takardun sai muka tarar da masu riƙe da muƙami sun cika su. Manomi da direba da 'yar kasuwa sun fito ne kawai a inda ake bukatar wanda zai yi godiya.

Zama a kudancin ƙasar nan ya nuna mini wata fuskar ta daban. Son kai a kafofin labarai bai tsaya ga jam'iyya ba, yana da na yanki da na ƙabila. Mu da muke karanta jaridun Legas da safe, mu saurari gidajen Arewa da dare, mun san yadda rikici ɗaya yake zama labari biyu. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, a Fabrairun 2021, na bi rahotannin ɓangarorin biyu, kowane ya fi ƙidaya asarar nasa. Laifin mutum ɗaya sai a laƙaba wa ƙabilarsa a kanun labari idan baƙo ne, idan ɗan gida ne a kira shi da sunansa shi kaɗai. Ana yi mana, mu ma muna yi wa wasu, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sai dai wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci shi ne mai sayar da albasa a Sabo ko mai kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

An yi zaton cewa buɗe fage ga 'yan kasuwa zai magance matsalar. Dokar Soja ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar kula da gidajen watsa labarai, ta ba da damar mallakar masu zaman kansu. RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003. Babu shakka an sami sauƙi, talaka ya sami inda zai buga waya ya yi kuka. Amma masu kuɗin kafa gidan rediyo da jarida a ƙasar nan galibi 'yan siyasa ne ko abokansu. M.K.O. Abiola ya kafa Concord a 1980 yana ɗan NPN, har da jaridar Hausa mai suna Amana. Marigayi Raymond Dokpesi mai AIT jigo ne a PDP, kuma dangantakar TVC da The Nation da Bola Tinubu ba ɓoyayya ba ce. A Kano kuwa aka sami sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili su yi yabo da zambo da sunan siyasa. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun ruwaito cewa a zaɓen 2015 kafofin gwamnatin tarayya sun karkata ga PDP mai mulki, a na 2019 kuma sun karkata ga APC mai mulki. Kiɗa ya sauya, rawa ta sauya, makaɗan dai su ne.

Me ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa? Ba don rashin doka ba ne. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ya hana amfani da kafofin gwamnati don fifita wata jam'iyya. Matsalar tana wurin naɗi da wurin kuɗi. Shugaban ƙasa ke naɗa shugabannin NTA da Rediyon Tarayya da na hukumar da ke sa musu ido, shi ke amincewa da lasisi, gwamna kuma ke naɗa manajan gidan jiharsa ya cire shi ranar da ya ga dama. Kuɗin gudanarwa daga gwamnati suke fitowa, sauran kuma daga kuɗin ɗaukar labari, wato mai taro ya biya a zo a ɗauka. Wakilin da ya yi watanni ba albashi da wuya ya mai da ambulan ɗin da aka miƙa masa da sunan kuɗin mota, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga kuma bulala a rataye. A 2022 an ci gidan Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirinsa kan 'yan bindiga, a watan Oktoba na wannan shekara kuma gwamnatin Zamfara ta ba da umurnin rufe wasu gidaje, har da NTA ta Gusau, saboda sun ɗauki taron 'yan hamayya. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da ikon cin tara, domin ita ba kotu ba ce.

Ba mu kaɗai ke fama ba. BBC, wadda ake kafa misali da ita, ta sha zargi daga dama da hagu. Shugabanta Greg Dyke ya sauka a 2004 bayan binciken Hutton kan rahoton yaƙin Iraƙi, Tim Davie kuma ya sanar da murabus a 2025 saboda yadda wani shiri ya yanka jawabin Donald Trump ya haɗa. Abin lura shi ne a can son kai abin kunya ne da ke cin kujerar mutum, a nan kuwa shi ke kawo ƙarin girma. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Gana. Tsarin mulkinta na 1992 ya danƙa naɗin hukumomin gudanarwar kafofin gwamnati ga wata hukumar kafofin labarai mai zaman kanta. A 1993 jam'iyyar NPP, tana hamayya a lokacin, ta kai gidan rediyo da talabijin na ƙasar ƙara saboda ya watsa taron jam'iyya mai mulki kan kasafin kuɗi ya ƙi watsa nata, Kotun Ƙoli kuma ta ba ta gaskiya. Abin da aka hana Awolowo a 1953 kotu ta ba 'yan hamayyar Gana bayan shekara 40. Wannan bai kawar da son kai a can ba, amma ya kafa hujjar cewa fili haƙƙi ne da za a iya nema a gaban alƙali.

Abin da nake ganin ya dace da mu bai da wuyar faɗa. A raba naɗin shugabannin waɗannan gidaje da hannun mutum ɗaya, a ba su wa'adin da ba za a katse shi da sanarwar dare ba. A tanadar musu kuɗi ta hanyar da ba sai manaja ya je gidan gwamnati ya durƙusa ba. A tabbatar da ikon mai da martani ga duk wanda aka soka. Na san masu mulki ba za su yi wannan da daɗin rai ba, amma ya kamata su tuna cewa kowace jam'iyya da ta mori wannan kakaki ta wayi gari ana busa wa wani, ita tana waje tana kukan an hana ta fili.

Ku kuma ɗalibai, da yawanku gidajen rediyo da talabijin da jaridu za ku nufa bayan kun gama, domin a can ake neman masu digirin Hausa su yi fassara, su karanta labarai, su gabatar da shiri. Ba ku za ku naɗa manaja ba, ba ku za ku tsara kasafi ba. Amma kalma tana hannunku. Ku ne za ku zaɓa tsakanin “ya ce” da “wai ya ce”, ku ne za ku yanke ko za a kira mutum da sunansa ko da ƙabilarsa. Tsoho a ƙauye da ya kara rediyo a kunne ba zai ga takardar Turancin da kuka fassara ba, abin da kuka faɗa masa shi zai ɗauka ya kai rumfar zaɓe. Ku auna kowane ɓangare da mudu ɗaya, ku ba wanda ba ya nan damar ya kare kansa, idan kuma aka ba ku yabo a ce ku karanta da sunan labari, to ku san abin da kuke karantawa. Allah Ya sa mu dace.